Yadda Malami Zai Nuna wa Ɗaliban Kano Tafiyar Ruwa a Cikin Dusar Ƙanƙarar Girinlan da Antaktika

Malamin labarin ƙasa ko na kimiyya idan ya zo darasin sauyin yanayi, yakan dunƙule zancen a jimla guda: duniya tana ɗumama, ƙanƙarar ƙuryar arewa da ta ƙuryar kudu tana narkewa, teku yana cika. Jimlar ba ƙarya ba ce, sai dai ta tsallake wurin da aikin yake. Tsakanin sa'ar da rana ta narkar da saman dusar ƙanƙara da ranar da ruwan zai isa teku akwai doguwar tafiya, kuma ruwa mai yawa ba ya kai ƙarshenta, domin ko dai ya nutse cikin dusar ya sake daskarewa, ko ya kwanta can ƙasa ya shekara yana ruwa. Ɗalibin Kano bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, amma ƙanƙara ba baƙuwarsa ba ce, balle idan azumi ya faɗo a bazara. Da ƙanƙarar da ake sayarwa a unguwa, da turmi da gwagwa da ɗan zoɓo, malami zai iya sa shi ya ga wannan tafiya da idonsa, ya kuma auna ta da hannunsa.

Abin da malami zai riƙe kafin ya ɗauki taɓarya

Shimfiɗar ƙanƙarar da ta lulluɓe tsibirin Girinlan ta kai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.7, wato ta kusa ninka Nijeriya biyu, kuma a tsakiyarta kaurinta ya haura kilomita 3. Da za ta narke gaba ɗaya, da tekun duniya ya ɗaga da kimanin mita 7. Ta Antaktika ta fi ta nesa ba kusa ba, domin faɗinta ya kusa murabba'in kilomita miliyan 14, ruwan da ke daskare a cikinta kuma ya isa ya ɗaga teku da kimanin mita 58.

Abin da ɗalibai ba su cika sani ba shi ne, saman waɗannan shimfiɗu ba dunƙulen ƙanƙara ba ne irin wanda ake fasawa da guduma. A mafi yawan faɗinsu, dusar da ta zuba bana tana kwance a kan ta bara, ta bara a kan ta bara waccan, nauyin ta sama yana danne ta ƙasa sannu a hankali. Dusar da lokacin zafi ya zo ya wuce ba ta narke ba, ita ce shekararriyar dusa. Ƙwayoyinta sun manne da juna, amma akwai kafofin iska a tsakaninsu, kuma kafofin a buɗe suke, wannan yana kaiwa ga wancan. Nauyin kubik mita ɗaya na shekararriyar dusa yakan kama daga kusan kilo 400 ya riƙa ƙaruwa yayin da ake nutsawa ƙasa, har idan ya kai kilo 830 kafofin su toshe, iskar da ta rage ta zama 'yan kumfa a kulle, daga nan sunanta ƙanƙara. Tsantsar ƙanƙara kuwa kilo 917 ce. Kafin a kai wannan zurfi sai an haƙa mita gommai, a tsakiyar Antaktika ma sai an haura mita 100. Wannan fili na iska shi ne ma'ajiyar da ruwan narkewa yake samu.

Wani masani Ba'amurke, Carl Benson, ya ratsa Girinlan yana haƙa ramuka a cikin dusa tsakanin 1952 da 1955, kuma rabe-raben da ya yi har yau da su ake aiki. A can ƙololuwa, inda sanyi ya fi tsanani, akwai yankin busasshiyar dusa wanda narkewa ba ta cika taɓawa ba. Idan aka gangaro akwai yankin da saman dusa ke ɗan narkewa a lokacin zafi, ruwan ya tsiyaya ciki ya daskare. Ƙasa da shi akwai yankin da dusar shekarar kan jiƙe sharkaf, sannan a bakin shimfiɗar dusa kan narke ƙarƙaf, tsohuwar ƙanƙara ta fito fili, koguna su riƙa gudu a kanta. Gwaje-gwajen da ke tafe sun shafi yankuna biyun na tsakiya, domin a nan ne ruwan da zai zauna yake rabuwa da wanda zai tafi.

Lokaci da kayan aiki

A yi wannan darasi a tsakiyar hunturu, Disamba ko Janairu, da sassafe, a ɗakin da rana ba ta shiga. Wanda ya gwada shi a Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, zai ƙare da kwano cike da jan ruwa kafin ya gama bayani.

Ana bukatar manyan gorunan roba masu haske, irin masu cin lita biyar, guda biyar ko shida, a yanke kawunansu, a huhhuda gindin wasu da ƙusa mai zafi, a bar biyu ba huji. Sai sikelin kicin, da kofi mai shaidar mililita, da gorar fesa ruwa irin ta masu aski, da ma'aunin zafi wanda yake karanta ƙasa da sifiri, da kula, da gishiri, da doguwar wuƙa mai haƙora. Abu mafi wuyar samu shi ne firizar da za ta kwana tana aiki. Idan makaranta ba ta da ita, ko wuta ba ta tsayawa, a shirya da mai sayar da ƙanƙara ko mai shagon lemo na kusa da ke da janareta ko sola, ya ba da ɗan gurbi na mako guda. Idan wannan ma ta faskara, a haɗa dakakkiyar ƙanƙara awo uku da gishiri awo ɗaya a cikin kula, a nutsa gorar gwaji a ciki bayan an toshe hudojinta da leda. Wannan haɗi yana iya sauka har kusa da digiri 20 ƙasa da sifiri, don haka kada a bar ɗalibi ya cusa hannu a ciki ba safa, kuma kada ko ƙwayar gishiri ta faɗa cikin gorar.

Ruwan da za a fesa sai an rina shi, in ba haka ba babu wanda zai ga inda ya bi. Masu bincike a ƙasashen dusar ƙanƙara ma rini suke zubawa a kan dusa, su dawo su yanka su duba. Zoɓo yana yi, amma a dafa shi tsura, ba sukari ba citta, a kuma sirka shi sosai, domin duk abin da ya narke cikin ruwa yana jinkirta daskarewarsa. Kalar abinci da masu yin kek ke saya a kasuwar Sabon Gari ta fi, musamman shuɗiya, saboda ta fi fita a hoto. Bular wanki ba ta yi, domin gari ce da ba ta narkewa, ƙwayoyin ƙanƙara za su tace ta tun a sama, ruwan ya wuce fari. Ruwan marinar Ƙofar Mata, duk da kyan launinsa, yana ɗauke da toka, shi ma a bar shi. Kuma ko wane rini aka zaɓa, a sa masa ƙanƙara a ciki har ma'auni ya nuna sifiri kafin a fesa. Ruwan da ya ɗara sifiri ko da digiri biyar ne, hanya zai narkar wa kansa, abin da za a gani kuma ba shi ake nema ba.

Yadda za a haɗa dusar

A zaɓi ƙanƙarar da ta daskare ƙam har tana manne wa yatsa, a guji wadda ta fara zufa. A zuba ta a tsabtataccen buhu, a sa a turmi a daka da sauri, sannan a tankaɗe. Rariyar gari toshewa take yi nan take, gara gwagwa ko rariyar waya mai faɗin ido. Abin da ya faɗo ƙasa shi ne mai laushi, abin da ya rage a sama, bayan an tsince manyan gutsattsari, shi ne mai tsaki. A ƙulla kowanne a ledarsa a mayar firiza ya kwana. Wanda ya samu farar ƙurar ƙanƙara da ke taruwa a bangon firiza, ya kankaro ta da cokali ya haɗa da mai laushin, domin ita ce ta fi kama da dusar gaske.

Da safe za a tarar ƙwayoyin sun manne sun zama curi, sai an sake murmushe su. Kada malami ya wuce wannan a matsayin ɓata lokaci, ya ɗaga curin ya nuna wa aji, domin mannewar da ta faru a dare ɗaya ita ce take mayar da sabuwar dusa shekararriya. Sannan a cika kofi mai mililita 500 da dusar ba tare da dannawa ba, a auna. A ce an samu giram 250, to nauyinta kilo 500 ke nan a kubik mita, kuma idan aka raba 500 da 917 za a ga ƙanƙara ta ci kusan kashi 55 cikin 100 na kofin, ragowar kashi 45 iska ce. Ɗalibai su rubuta nasu adadin, za a bukace shi nan gaba.

Jiƙaƙƙiyar dusa

Gwajin farko ba ya cin lokaci. A cika gorori biyu masu huji da dusa mai laushi, a bar su a waje har ma'auni ya tsaya a sifiri kuma ƙwayoyin suka fara sheƙi. A ɗora kowace a kan kwano. A fesa wa ɗaya ruwan rini mililita 200 a hankali, ɗayar kada a fesa mata komai, domin ita ce za ta nuna yawan ruwan da zafin ɗakin kaɗai ya narkar. Za a ga launi yana sauka kusan bai ɗaya, ba da jimawa ba ya fara ɗiga. Idan ɗigar ta lafa, a auna abin da ya taru, a debe na gorar da ba a fesa wa ba. A kuma duba dusar: launi bai bar ta ba, domin ruwa kaɗan yakan maƙale a mahaɗar ƙwayoyi saboda ƙarfin tsotso, nauyinsa bai isa ya ja shi ƙasa ba. Wannan irin tafiya, inda ruwa ke sauka ta ko'ina, ita ce wani masani, Samuel Colbeck, ya yi wa ƙa'idar lissafi a 1972.

Dusa mai sanyi, inda darasin yake

Yanzu a ɗauko gorar da ta kwana a firiza cike da dusa kilo ɗaya, a nannaɗe ta da tawul ko guntun soso don kada zafin ɗaki ya shiga ta gefe, a soka ma'aunin zafi a tsakiyarta a rubuta abin da ya nuna. Kafin a fesa komai, malami ya tambayi aji: idan aka zuba mililita 50, nawa zai fito ta ƙasa? Yawanci za su ce duka, ko kusan duka. A fesa, a jira. Babu ko ɗigo.

Dalilin yana cikin lambobi biyu da ya kamata a rubuta a allo. Giram ɗaya na ruwa idan ya daskare yana sakin zafi jul 334 (jul shi ne awon da ake lissafin yawan zafi da shi). Giram ɗaya na ƙanƙara kuma yana bukatar jul 2.1 kacal kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Ke nan ruwa giram ɗaya da ya daskare ya isa ya ɗumama dusa kusan giram 160 da digiri ɗaya. A juya lissafin: dusa kilo ɗaya da ke digiri 10 ƙasa da sifiri tana bukatar jul 21,000 kafin ta kai sifiri, wato za ta iya daskarar da ruwa giram 63, daga nan sanyinta ya ƙare. Idan firizar ta kai ta digiri 18 ƙasa da sifiri, za ta iya da giram 113. Ɗalibai su yi lissafin da abin da ma'auninsu ya nuna, sannan su sa ido a kan ma'aunin bayan fesawa. Zai riƙa hawa, alhali ruwan da aka zuba sifiri yake, ba ruwan ɗumi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa ɗalibai kai, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa: daskarewa tana ɗumama abin da ke kewaye da ita. Sanyin da hunturun Girinlan ya tara a cikin dusa yana da iyaka, kowane ɗigon da ya daskare yana rage shi. A kwatanta wannan da lissafin kofin ɗazu, za a ga dusar gorar tana da filin iskar da zai ɗauki ruwa fiye da giram 800, amma sanyinta bai wuce na giram 63 ba. A cikin lokacin zafi guda, sanyi ne yake fara ƙarewa. Fili kuwa sai a kan shekaru yake ƙarewa, domin sanyi yana dawowa kowane hunturu, kafar da ƙanƙara ta toshe kuma ba ta sake buɗewa.

Sai kuma yanka. A mayar da gorar firiza na sa'a ɗaya ko biyu, a fito da ita, a yanke robar, malami da kansa ya raba curin biyu daga sama zuwa ƙasa, sannan ya yanka ɗaya ɓarin a kwance. Ba za a ga launi ya sauka sahu ɗaya ba. Za a ga saman ya rinu, daga nan kuma wasu siraran hanyoyi sun zarce ƙasa kamar yatsu, farar dusa busasshiya tana tsakaninsu, a yankan kwance kuma su bayyana a matsayin ɗigo-ɗigo. Duk wanda ya zauna a ɗakin soro a cikin gari ya san yadda yoyo yake: ruwan sama yana jiƙa rufin ko'ina, amma ta wuri ɗaya ko biyu yake ɗigowa, kuma inda ya bi jiya nan zai bi gobe. Haka yake a dusa, domin hanyar da ta riga ta jiƙe ta kai sifiri ta fi sauƙin bi, ƙwayoyinta kuma suna girma idan sun jiƙe, kafofin su ƙara faɗi, sai ruwan baya ya bi sawun na gaba.

Masana biyu, Philip Marsh da Ming-ko Woo, sun bayyana waɗannan yatsu dalla-dalla a 1984, daga aikin da suka yi a arewacin Kanada. Daga baya Neil Humphrey da abokan aikinsa sun binne jerin ma'aunan zafi a cikin shekararriyar dusar yammacin Girinlan, suka ga zafi yana tashi kwatsam a zurfin mita 10 alhali dusar da ke sama da wurin tana nan da sanyinta, alamar ruwa ya bi ta siririyar hanya ya je can ya daskare. Muhimmancin wannan shi ne, ta yatsu ruwa yake kai wa ga sanyi da filin da ke can ƙasa, waɗanda da sahu ɗaya yake sauka da bai kai gare su da wuri ba.

Abu ɗaya yana ɓata wannan gwaji, shi ne fesawa da yawa lokaci guda ko fesawa kusa da jikin roba. Ruwa yana son bin bango, kuma bangon shi ne wurin da ya fi ɗumi. A riƙa fesawa a tsakiya, kaɗan-kaɗan, ana hutawa.

Inda ruwa ke tsayawa ya bi gefe

Dusar gaske hawa-hawa take, kowace guguwa da kowace ranar zafi suna barin tasu alama. A kwaikwayi wannan da zuba mai tsaki a rabin gorar na ƙasa, mai laushi a sama, a daidaita mahaɗarsu da bayan cokali mai sanyi, a kwanar a firiza. Ɗalibai za su yi tsammanin ruwa zai yi gudu da zarar ya isa mai tsaki, tunda kafofinta sun fi faɗi. Akasin haka ne yake faruwa. Ƙananan kafofi sun fi ƙarfin tsotso, sai su riƙe ruwan su ƙi sakinsa, ya taru a mahaɗar ya bazu gefe da gefe, ba zai ɓalle ƙasa ba sai ya taru sosai, sannan ya ɓalle ta wuri ɗaya ko biyu. Idan aka karkata gorar kaɗan tun kafin fesawa, za a ga launi yana bin mahaɗar yana gangarawa. A mayar firiza, gobe a yanka. Za a tarar da faifan ƙanƙara mai launi a kwance a mahaɗar, wataƙila da sanda ɗaya ko biyu a tsaye ƙarƙashinsa. Irin waɗannan fayafayai da sanduna su Benson ya riƙa tararwa a bangon ramukansa, kuma da su ake gane shekarar da aka yi zafi.

Gwajin mako guda

Wannan yana bukatar haƙuri, amma shi ne yake kai aji ga abin da ke faruwa a Girinlan a yanzu. A haɗa gora kamar ta ɗazu, kowace safiya a fesa mata ruwan rini daidai gwargwado ɗaya, a ƙara 'yar sabuwar dusa a sama, a mayar firiza. Kowace rana shekara ɗaya ce mai zafi. Ruwan rana ta biyu zai tarar da faifan da na farko ya bari, ya kwanta a kansa ya ƙara masa kauri, na uku ya tarar da wanda ya fi shi. A huda gefen gorar daidai saman faifan, a karkata ta. Kafin mako ya cika, ruwan da aka fesa zai riƙa fitowa ta wannan huji, kuma idan aka yanka za a ga dusar da ke ƙasan faifan fara fat, kafofinta a buɗe, ruwa bai kai gare ta ba.

A nan malami zai kawo labarin 2012. A tsakiyar Yulin wannan shekara, tauraron ɗan adam ya nuna narkewa a kusan kashi 97 cikin 100 na saman shimfiɗar Girinlan, har da sansanin bincike na ƙololuwa mai tsayin fiye da mita 3,200. A kudu maso yamma, a tsayin mita 1,840 inda a da dusa ke shanye ruwa, an ga ruwa yana gudu a sama, kogin Watson kuma ya yi ambaliyar da ta karya gadar garin Kangerlussuaq. Binciken da Horst Machguth da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna cewa shekarun zafi da suka biyo juna sun gina ƙanƙara mai kaurin mitoci kusa da sama, ta raba ruwa da ma'ajiyarsa. A 2019 Michael MacFerrin da abokan aikinsa, ta amfani da na'urar rada da jiragen hukumar NASA suka ɗauka, sun ƙiyasta cewa irin waɗannan fayafayai sun faɗaɗa yankin da ruwa ke kwarara daga gare shi da kashi 26 cikin 100 tun daga 2001. Ranar 14 ga Agusta 2021 kuma aka ga ruwan sama a sansanin ƙololuwa, karo na farko tun da aka fara ajiye bayanai a wurin. Don ɗalibai su iya auna girman abin, a ba su wannan ma'auni: ruwa tan biliyan 360 yana ɗaga tekun duniya da kimanin milimita ɗaya, Girinlan kuma ta yi asarar tan biliyan 532 a 2019 kaɗai. Kano tana nesa da gaɓa, amma Legas da Neja Delta ba haka suke ba.

Ruwan da ya ƙi daskarewa

A watan Afrilun 2011, kafin lokacin narkewa ya fara, tawagar Richard Forster na Jami'ar Utah tana haƙa a kudu maso gabashin Girinlan, sai abin haƙar ya fito yana zubar da ruwa, a wani rami daga zurfin mita 10, a wani daga mita 25. Ruwan ya ratsa hunturu sukutum bai daskare ba. An ƙiyasta faɗin wurin da wannan ruwa yake da murabba'in kilomita 70,000, fiye da ninki uku na jihar Kano, yawansa kuma kimanin tan biliyan 140. Sirrin shi ne a wannan yanki narkewa tana da yawa, zubar dusa ma tana da yawa, sai sabuwar dusa mai kauri ta rufe jiƙaƙƙiyar da wuri, iskar da ke cikinta ta hana sanyin hunturu isa ƙasa.

Don nuna wannan, a ɗauki gorori biyu marasa huji, a zuba jiƙaƙƙiyar dusa da ruwan rini daidai wa daida a gindin kowace, a nannaɗe gefensu da gindinsu da soso mai kauri don sanyi ya shiga ta sama kaɗai. Ɗaya a rufe ta da busasshiyar dusa kaurin yatsa biyu, ɗayar a cika ta har baki. A sa su a firiza tare, a riƙa dubawa duk bayan sa'o'i biyu ta hanyar zura siririn tsinke. Mai ɗan rufi za ta riga daskarewa. Tazarar da za a samu ta danganta da ƙarfin firizar da kaurin soson, don haka malami ya gwada shi kaɗai tukuna kafin ya kawo wa aji.

Antaktika da tambayar da za ta taso

Ɗalibi mai lura zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ita Antaktika fa?" Amsar ita ce sanyinta ya fi tsanani, mafi yawan samanta ba ya narkewa, narkewar ta fi yawa a gefe, musamman a kan ƙanƙarar da ta miƙe tana yawo a kan teku. A can, idan kafofin dusa suka cika, ruwa yakan taru ya zama tafkuna a sama, ya cika tsagogi. Ruwa ya fi ƙanƙara nauyi, kilo 1,000 ne a kubik mita inda ita take 917, don haka tsagar da ta cika da ruwa tana iya ci gaba da tsagewa har ƙasa. Wannan yana cikin abin da ya wargaza wani irin wannan farantin ƙanƙara da ke kan teku mai suna Larsen B a farkon 2002, inda murabba'in kilomita 3,250 ya ruguje cikin 'yan makonni. Farantin dama a kan ruwa yake, rugujewarsa ba ta ɗaga teku kai tsaye ba, amma ƙanƙarar kan tudu mai gangarowa teku a hankali, wadda yake tokare, ta ƙara gudu bayan tafiyarsa.

Ya dace malami ya faɗa wa aji inda gorar roba ta gaza. Ƙwayoyin dakakkiyar ƙanƙara sun fi na dusa girma, ruwa ya fi saurin ratsa su, yatsun da za a gani kuma ba za su yi yawa ba. Gorar tana ɗumama ta gefe, shimfiɗar ƙanƙara kuwa ta sama take samun zafin rana. Makarantar da ba ta samu firiza ba kuma ba ta rasa komai da komai ba. A samo yashin Chalawa daga wurin masu gini, a wanke shi, a shanya har ya bushe ƙayau, a tankaɗe, a zuba mai tsaki a ƙasa mai laushi a sama, a fesa ruwan rini a hankali. Taruwar ruwa a mahaɗa da ɓallewarsa ta yatsu duk za su fito, kuma ana iya yin wannan ko a watan Afrilu. Abin da yashi ba zai nuna ba shi ne daskarewa da hawan ma'aunin zafi, waɗannan sai a yi su da haɗin gishiri da ƙanƙara a cikin kula.